Inda Ke Ciwo

Ƙarfe ɗaya saura na dare, bayan Ƙofar Ƙaura,
asibitin Likita Mamuda ya yi tsit,
sai fankar saba ke huci a ɗakin ajiya
tsakanin kwalayen safar hannu da tsohon sikeli.
Ni ne, da kofin shayin da ya huce,
da tambayar da ban sami mai amsa ta ba.

Kwana tara rumbun bayanai na haɗiye sunaye.
Sakamakon jinin wata tsohuwa daga Batagarawa
ya shiga da hantsi, da azahar babu shi.
Shamsiyya ta rantse ta adana,
aka ce sakaci ne,
ta je bayan tankin ruwa ta share hawaye.
Rumbu kuwa ko tari bai yi ba.

Ashe yana yi.
Yana zuba kokensa a wani fayil,
jaka cikin jaka cikin jaka,
inda ɗan kwangilar da ya kafa shi ya nuna masa
kafin ya karɓi cikon kuɗinsa ya canza lamba.
Dubban layuka, kowanne da ranarsa da sa'arsa,
kamar mai sallama a ƙofar kango,
bai gaji ba, ba a kuma amsa ba.

Na buɗe fayil ɗin saiti.
Ga layin nan, an toshe masa baki
da 'yar alama mai kama da gidan dara.
Na goge ta.
Na rubuta masa sabuwar hanya:
daga yau kukanka kundin na'ura za shi,
inda katin sadarwa ke faɗin ya katse,
inda agogo ke faɗin ya yi latti,
dandalin da nake leƙawa kafin in karya kumallo.
Na liƙa masa suna don in gane muryarsa a taro.
Na ce gargaɗi da kuskure kawai,
ban da hira, ban da gulmar wa ya shiga wa ya fita,
kunnen da aka cika da surutu
ba zai ji ihu ba.

Sai hannuna ya tsaya.

Babana Lawandi tela ne a Rafin Daɗi.
Ka tambaye shi jiki, ya ce sai godiya,
ƙafarsa na kan keke, bakinsa da allura.
Bayan sadakar bakwai muka buɗe littafin awonsa:
wuyan Alhaji wane, hannun wane, tsawon wandon wane,
a gefe kuma, da ƙaramin rubutun fensir,
yau ma ƙirji.
Shafi uku gaba, yau ma.
Shekara biyu yana rubutawa
a inda ba mu taɓa dubawa ba.

Na adana. Na kashe rumbun, na tashe shi.
Daƙiƙa huɗu allo baƙi ƙirin,
har ina jin sauro a bayan kunnena.
Ya farka.
Na gwada shi da gangan,
na nemi jadawalin da na san babu.
Nan take kundi ya motsa, layi ya faɗo:
abin da ka nema ba ya nan.
Ban taɓa murnar jin an ce mini na yi kuskure
irin ta daren nan ba.

Bayansa wani layin ya biyo, wanda ban roƙa ba:
wuri ya cika, na kasa rubutawa.
Shi ke nan ciwon. Faifai ne ya ƙoshi.

Na fitar da layin a takarda,
na ninke, na saka ƙarƙashin madannan Shamsiyya,
na ja layi a kan sa'ar, sha ɗaya da minti shida.
Maigadi ya leƙo da tocila, ya ce injiniya, lafiya?
Na buɗe baki zan ce lau,
sai na ce masa bayana ke ciwo tun Talata,
kuma ban ci abincin dare ba.